Harafi Ɗaya a Kan Kwali

Daga rumfar gawayi, ranar Talata

Zuwa ga ƙanwata, ma'aikaciyar kantin magani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da ƙananan yaran. Mu nan sai godiya. Tarin nan nawa yana nan, ya riga ya zama ɗan gida. Ciwon bayan uwar Auta ya yi sauƙi. Auta kuwa haƙorinta na gaba ya fita, yanzu in tana magana rabi iska ce.

Na zaɓi takarda maimakon waya don ke in kin fara magana ba a samun ƙofar shiga. Direban da ke kai mini kaya birni duk sati shi zai miƙa miki, tare da buhunki na wannan wata.

Maganar 'yarki ce. Shekara biyu ke nan tana gidana, tun da ta samu gurbi a sakandaren garin nan kika ce ba ki da wanda za ki ba amana sai ni. Ban yi musu ba, don kakata da kakarki nono ɗaya suka sha. A shekarar farko ko tarinta ban ji ba. Bana ne da ta shiga ajin ƙarshe aka kafa musu wata ƙungiya, wai manyan ɗalibai su riƙa zuwa firamare duk Alhamis suna koya wa ƙanana kula da muhalli. Aka naɗa ta shugaba. Tun ranar ban sake shan ruwa da daɗi a gidana ba.

Da farko ledar ruwa ce. Ita da 'yan rakiyarta suna bin kwata da bola suna tsinto ledoji, su wanke, su cika da ƙasa, su jera mini a bayan ɗaki har babu wurin shanya. Na yi shiru. Sai ruwan wanke-wanke, an hana uwar Auta zubarwa, wai na tsirrai ne. Na yi shiru. Yaran unguwa suka sa mata suna Anti Shuka, suna sallama a ƙofata tun kafin in karya. Wannan ma na haɗiye.

Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne Auta. Tana cikin 'yan aji ukun da 'yarki ke koya wa. Shekaranjiya muna cin abinci ta dube ni ta ce, "Baba, yau bishiya nawa ka ƙona?" Yarinyar da har yanzu ni nake ɗaura mata igiyar takalmi. Na tambaye ta wa ya ce ina ƙona bishiya, ta ce Anti ta zana musu a allo: bishiya ta zama gawayi, gawayi ya zama hayaƙi, hayaƙi ya zama zafin da ya dame mu da ruwan sama da ba ya zuwa a kan lokaci. 'Yarki tana zaune a wurin da loma a hannunta, kuma ba da hasken rana aka dafa abincin ba.

Ni ba na sare bishiya. Saye nake daga masu ƙonawa in sayar, shekara ashirin da uku ke nan, kuma duk gidan da ke layin nan da gawayina yake hura wuta, har gidan shugaban makarantarsu. Ban hana ta karatu ba, ban hana ta shuka ba, ta shuka har saman kwano in tana so. Amma ki ja mata kunne ta fitar da sana'ata daga bakin 'yata. Saura wata uku ta zana jarrabawar fita, ina so mu kai lokacin lafiya.

Yayanki, mai gawayi


Daga kantin magani, ranar Asabar

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, buhu ma ya iso, na gode. Muna lafiya, in ban da ƙurajen zafi da suka feso wa ƙaramin a wuya. A gaishe mini da uwar Auta, a kuma ce wa Auta ta daina sa harshe a giɓin. Tarinka kuwa ba ɗan gida ba ne, ƙurar gawayi ce. Tun bara na ce ka je a duba maka ƙirji, da idanu ma, don rubutunka yana hawa tudu yana gangarowa.

Na karanta sau biyu ina neman laifin yarinyar ban samu ba. Abin da na samu shi ne "shekara biyu ke nan tana gidana" da kuma "loma a hannunta." To, Yaya, gori ne? In gori ne ka faɗa kai tsaye, ni ma ina da nawa a ajiye. Lokacin da mahaifiyarka ta yi jinyar nan ta wata takwas, a ɗakin kakata ta kwanta, ni ce yarinyar da ke wanke mata kaya, kuma ba wanda ya ƙirga mata loma.

Me ta faɗa na ƙarya? Bishiya ba ta zama gawayi? Ka zo kantinmu da tsakar rana ka ga abin da zafi ke yi wa mutane. A watan nan kaɗai tsofaffi biyu sun yanke jiki sun faɗi a layi, firjin allurai yana ta nishi har sai mun rufa masa jiƙaƙƙen tawul. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai ta bar yawon banza ta tara ƙannenta tana koya musu shuka. Wasu iyayen da sun bi unguwa suna alfahari, kai kuma ka ɗauki biro.

In tambayar Auta ta yi maka zafi, ka amsa mata, ai uba ne kai. Yaro in ya yi tambaya ba a zuwa a kama wanda ya koya masa magana. Ka ce ba ka sarewa, saye kake. Mai sayen naman sata ma ba shi ya riƙe wuƙa ba.

Zan yi mata magana ta wayar uwar Auta ta rage zafin kai, don na san 'yata, bakina ta ɗauko. Amma ba zan ce ta yi wa yara ƙarya don a ji daɗin cin abinci a gidanka ba. Jarrabawar kuma a makarantar nan aka yi mata rajista, ba ta da inda za ta zana sai can. Ka san haka, don haka ka daina kaɗa mini ita kamar bulala.

Ƙanwarka


Daga rumfar gawayi, ranar Lahadi

Zuwa ga Malama mai magani,

Sallama. Ina fata kuna lafiya, mu ma muna nan. Tari yana nan. Idanuna kuma lafiyarsu ƙalau, sun gane takardarki sarai, har wurin da kika kira ni mai sayen naman sata. Tambaya ɗaya gare ni: buhun da kika ce ya iso kin gode, me kike yi da shi? Kwalli kike sawa? Laifi tudu ne. Ban yi miki gori a waccan takardar ba, amma tunda kin nema, wannan karon ki ɗauka gori ne.

Zan faɗa miki abin da ko uwar Auta ban faɗa wa ba, don ki san girman abin da 'yarki ta yi. Sati biyu da suka wuce, ranar Laraba, na raka Auta makaranta kamar kullum. Da muka kusa ƙofa sai ta zare hannunta daga nawa ta goge a jikin rigarta. Wasu yara a bakin ƙofar suka kama waƙa da tafi, waƙar ƙungiya, wai "mai gawayi, mai baƙin hannu, ina ka kai inuwarmu?" Auta ta sunkuyar da kai ta shige ba ta waiwayo ba. Na koma rumfa na zauna a bayan buhuna, abin da bai same ni ba tun rasuwar mahaifiyata ya same ni. Ashe kwanon abincinta yana hannuna ban sani ba, malaminsu ya bar ta ta rugo ta ɗauka, tunda rumfar ba nisa. Ta same ni a haka, hawaye a fuskata. Na ce mata hayaƙi ne. A rumfata ba a hura wuta, ita ma ta sani. Ta ɗauki kwanonta ta tafi.

Jiya aka yi taron nuna aikin ƙungiyar, aka gayyaci iyaye. Ban yi niyyar zuwa ba, Auta ce ta bi ni kwana uku tana roƙo, wai akwai abin da za ta nuna mini. Na wanke hannu da sabulu har sau uku, na sa rigar da ba na zuwa rumfa da ita. An jera kujeru a filin makaranta, shugaban makaranta ya yi jawabi, 'yarki ta yi nata da lasifika kamar mai neman ƙuri'a. Sannan aka ce kowane yaro ya kai iyayensa ga abin da ya dasa a jikin katanga. Kowane tsiro an ɗaura masa kwali da zare, yaron ya rubuta sunan da ya ba shi. Auta ta ja ni, wannan karon da hannun ta kama ni, har ƙarshen layi, ga wani ɗan tsiro mai ganye huɗu. Na sunkuya na karanta: Kukan Baba.

A bayana akwai tela, da mai gyaran babur, da matan da ke sayen gawayi a wurina, kowa yana bin kwalaye yana karantawa da ƙarfi. Abin da na ɓoye wa matata an rataye shi a jikin katanga. Yarinya 'yar shekara takwas ba ta san wannan dabarar ba. An tambaye ta me ta gani a gida, ta faɗa, aka ce ta rubuta. Wa ke duba kwalayen kafin a rataye in ba shugaba ba?

Na tsinke kwalin na sa a aljihu, na tumɓuke tsiron na wurga shi bayan katanga, na fita. Ban ce wa kowa uffan ba, don in na buɗe baki sai na faɗi abin da nake rufewa. 'Yarki ta biyo ni gida tana "Kawu, Kawu," na ce in ta ƙara kalma ɗaya a kan maganar ta haɗa kayanta a take.

Ga kwalin nan na sa miki a ciki, gani ya kori ji. Sharaɗina biyu ne: ta ajiye shugabancin nan, ta kuma fita harkar Auta. Ki rubuto mini cewa kin yarda, a hannun direban nan. In ya dawo sau biyu babu amsarki, zan sa ta a gaban motarsa, jarrabawa kuma ku san yadda za ku yi da ita.

Mai gawayi


Ranar Asabar

Ƙanwata,

Gaisuwa. Muna lafiya, in ban da Auta da ta rage cin abinci. Tun ranar taron nan ba ta ce mini komai sai "ina kwana."

Direba ya dawo sau biyu, na ƙara na uku don kada a ce na yi gaggawa. Duk lokacin sai ya ce ba ki ba shi komai ba. Shiru ma magana ce, na kuma ji. 'Yarki kuwa duk Alhamis tana tafiya firamaren nan kamar ba a yi komai ba.

Ga ta nan tare da wannan takarda, da akwatinta da littattafanta. Ban taɓa ta ba, ban zage ta ba. Ledojinta na bayan ɗaki suna nan, uwar Auta ta hana a zubar. Babu buhu wannan watan, kada in ƙara miki alhakin naman sata.

Yayanki


Daga kantin magani, ranar Litinin

Yaya,

Ina gaishe ka don an koya mini gaisuwa. Ina fata Auta ta fara cin abinci. A ba ta abin da take so, kada a tsawata mata. Mu nan lafiyar jiki kam muna da ita.

Shekaranjiya na dawo daga aiki na tarar da 'yata zaune a kan akwati a ƙofar gida, da takardu biyu a hannu. Ɗaya ta ranar ce. Ɗayar kuma ta yi sati uku a akwatin gaban motar direbanka, cikin takardun mota, ta sha mai ta sha ƙura. Sai da aka tsayar da su a hanya ya buɗe zai nuna takardu, ta faɗo a cinyar yarinyar. Ka ga shirun da ka ce ka ji. Kana da waya a aljihu, amma ka gwammace ka yi fushi a kan takardar da ban gani ba. Ita ma duk kiran da na yi ba ta gaya mini komai ba, tana tsoron in ce ta bar ƙungiyar. Taurin kanku ɗaya, kamar kai ka haife ta.

Yanzu kwalin. Shekara goma sha takwas ina karanta rubutun likitoci, rubutun da ko kaza ta taka tawada ta fi shi kyau, kuma harafi ɗaya in na kuskure rai na iya salwanta. Saboda haka ni da ido nake karanta kalma, ba na barin zuciya ta karanta mini. Na sa kwalin a ƙarƙashin fitilar kanti. Harafin ƙarshe na kalmar farko ƙafa ɗaya gare shi, Yaya. Wutsiyarsa ce ta lanƙwaso ta yi tsawo yadda yara ke yi, amma ba ta taɓa layi ba. Wannan r ce, ba n ba. Kukar Baba ta rubuta, bishiyar kuka ta babanta. Abin da ya faru a bayan buhu 'yata ba ta san da shi ba har yanzu, don a rufe ta kawo mini takardar, ni kuma ban nuna mata ba.

Na tambaye ta yadda aka yi ba tare da na faɗa mata dalili ba. Ta ce ranar da aka raba tsirrai duk yaran suka yi wawason mangwaro da gwaiba, Auta ce kaɗai ta tsaya ta ce, "Anti, wace bishiya ce ba a yin gawayi da ita?" Ta ce mata kuka, don cikinta laushi ne kamar soso, ba ta wutar kirki. Auta ta ce ita take so. Da aka tambaye ta dalili, ta ce don Baba ya samu bishiya guda tasa wadda ba wanda zai kawo masa ita a buhu, in ya tsufa ya zauna a ƙarƙashinta. Ka duba kwanakin, Alhamis ce, washegarin ranar kwanon abinci. Sati biyu tana ba ta ruwa da murfin kwalba don kada ya yi mata yawa. Ita ka tumɓuke a gaban 'yan ajinsu.

Ba zan ɓoye nata laifin ba. Waƙar baƙin hannu ita ta tsara ta, wai don yara su riƙe darasi, ba ta tuna cewa akwai irin wannan hannun da ke riƙe da na Auta kowace safiya ba. Na yi mata tatas a kan wannan har ta yi kuka, mai n ɗin. Da ta share ido ta nuna mini kurfotina na gawayi a kicin ta ce ai ni ma ina cikin waƙar. Ban mare ta ba, amma na yi niyya.

Sai dai ita yarinya ce, kai babba ne. Ka kori ɗaliba saura sati shida jarrabawa a kan wutsiyar harafi, don girman kai ya hana ka tambayar 'yar cikinka me ta rubuta. Na ji haushinka kamar in mutu, kuma ba zan roƙe ka ba. Gobe zan fara neman wanda zai riƙe mini ita a garinku ko da bare ne, tunda dangi ya gaza. In ban samu ba ta rasa shekara, kuma kowa a dangi zai ji dalili daga bakina, ban da maganar bayan buhu. Wannan na rufa maka, ba don halinka ba.

Ga kwalinka na mayar maka. Ga kuma tabarau na karatu daga kantinmu. Ka sa ka duba.

Mai magani


Daga rumfar gawayi, ranar Juma'a

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da yaran, ina gaishe da ita. Tari ya ɗan lafa. Auta ta ci abinci jiya har ta nemi ƙari.

Takardarki ta iso, wannan karon daga aljihun riga direba ya ciro ta, kuma abin da na faɗa masa ba na sawa a takarda ba ne. Bakinki yana nan yadda na san shi. Tabarau ɗin na ajiye shi a kan buhu kwana biyu ban taɓa ba. A na uku, da na ga babu mai saye, na sa. Na duba kwalin. Ƙafa ɗaya ce.

Kada ki ce ban san kuka ba, na san ta kafin a haife ki. Ƙaramarta ce ganyenta ba ya kama da na babba, falle ɗaya-ɗaya yake fitowa. Kuma gaskiyar yarinyar ce, shekara ashirin da uku ba a taɓa kawo mini gawayin kuka ba, wanda ya kawo ma korarsa zan yi.

Na rufe rumfa na zagaya bayan katangar makaranta, ina tona bola awaki suna kallona. Ban samu komai ba. Da na koma gida na tambayi uwar Auta, sai ta dube ni yadda take duban mai tallan ruɓaɓɓen tumatir, ta wuce gaba na bi ta har bayan ɗaki. A tsakiyar ledojin 'yarki, can ciki inda ido ba ya kaiwa, ga ta nan. Auta ce ta tsinto ta tun a ranar, ita da uwarta suka mayar da ita leda a ɓoye. Shi ya sa aka hana ni zubarwa. Ganyen duk sun kaɗe, saura kara kamar tsinken sakace, amma saiwar tana da kauri, na taɓa na ji ba ta bushe ba.

Na kira Auta na ce ta karanta mini kwalin, ta karanta. Na ce ni ba haka na karanta ba, na faɗa mata yadda na karanta. Ta ce, "Ai ban gaya wa kowa ba, Baba. Hayaƙi ne."

Mun dasa ta a gefen rumfa, inda rana ke dukana da yamma, na kewaye ta da tsofaffin kwanduna saboda awaki. Na ce mu zuba mata taki, Auta ta ce sai an haɗa da garin gawayi, wai Anti ta ce yana riƙe ruwa a ƙasa, amma ta manta yawan da ake sawa. Na ce garin gawayi kam muna da wanda zai ishi gari. Ta ce ba za a sa ba sai Anti ta zo ta auna, kada a sake kashe ta. "A sake" ɗin nan da ni take.

Don haka ki turo ta a motar Litinin, na ce wa direba gaban mota nata ne. Ɗakinta yana nan yadda ta bari. Sharaɗin nan biyu na janye su. Amma a canza waƙar, kuma ki gaya mata ban tuba daga gawayi ba. Da shi zan ci gaba da ciyar da gidana har ranar da ita da ƙungiyarta suka kawo wa matan layin nan abin da za su dafa abinci da shi. In tana da magana ta same ni a rumfa mu yi ta ido da ido, ta daina aiko mini ta bakin Auta. Maganar naman sata kuma ban yafe ba tukuna.

Auta ta rubuta sabon kwali. Ta yi r ɗin ƙato ya fi duk sauran haruffa, kamar mai rubuta wa makaho, ta riƙe mini a gaban tabarau ta ce in karanta da ƙarfi. Na fara, ban kai ƙarshe ba. Wannan karon ko n ta rubuta ba ta yi ƙarya ba.

Yayanki


Ranar Litinin

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙurajen ƙaramin sun bushe. A shafa mini kan Auta.

Ga ta nan. Don jarrabawa na turo ta, da kuma tsiron da ke jiran awo, kada ka ɗauka don kai ne. Ta canza waƙar, ta rera mini, ba ta kai ta farko daɗi ba amma babu hannun kowa a ciki. Maganar nama ni ma ban janye ba tukuna. Ka aiko mini da buhuna, gas ya ƙare.

Tabarau ɗin ka riƙa goge shi da ƙyalle mai laushi, don irin hayaƙin rumfarka yana barin gishiri a gilashi.

Ƙanwarka